Yadda Ake Rage Ƙarar Baka da Girgizarsa Lokacin Harbi

Ranar da na fara harba bakan zamani na farko da na saya, irin wanda ake harhaɗawa gida uku, sai da maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko ƙyaure ne ya faɗi. Hannuna na hagu kuwa kwana ya yi yana zugi. Na je na zuba kuɗi a kan robobin da ake manna wa baka, ƙarar tana nan daram. Ashe noti ɗaya ne bai ɗauru ba, kuma kibau ɗin da aka haɗo ni da su sun yi wa bakan rashin nauyi. Tun daga lokacin, duk bakan da aka kawo mini yana kuka, da gyaran da ba ya cin ko sisi nake farawa, roba da ulu su zo daga baya.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai kaɗan ne. Idan ka ja baka, ƙarfin damtsenka ne kake tarawa a rassansa biyu. Da ka saki, mafi yawan ƙarfin nan sai ya bi kibiya. Ragowar ba ta da wurin zuwa sai tsirkiya da rassa da hannunka, ita ce kake ji a kunne, ita ce kuma take kaɗa maka gwiwar hannu. Aikin ke nan kashi biyu: ka sa kibiya ta tafi da rabo mai yawa, sannan ka nemi abin da zai shanye ɗan abin da ya saura.

Ga mai harbin allo, ribar ita ce hannu ba ya gajiya, notuna ba sa kwancewa, kibau kuma sun fi taruwa wuri ɗaya. Ga maharbi kuwa maganar ta wuce haka. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, kibiyar baka mara kura (wato 'yar tayar da ake sa wa wasu bakuna a ƙarshen rassa) kuwa da wuya ta wuce mita 60. A tazarar mita 20, gada ta riga ta ji kukan tsirkiya kibiya ba ta ci ko rubu'in hanya ba, kuma ɗan lokacin nan ya ishe ta ta durƙusa ta zabura. Ba a yi bakan da zai riga sauti ba tukuna, shi ya sa ake neman wanda ba ya firgitarwa.

KAYAN AIKI

Ka tanadi tef ɗin awo irin na tela ko rula mai inci da santimita, da alanki da sukundireba daidai da notunan bakanka, da igiyar ɗaura tsirkiya. Sai kakin zuma, ulun saƙa, zare mai ƙarfi, almakashi ko reza, gam, ɗan guntun fata mai laushi, da tsohon tif ɗin keke, wanda kowane mai faci zai ba ka kyauta. Idan da tsohuwar hular dara da ta mutu a gida, kada a yar, ƙyallenta ya fi komai dacewa da wannan aiki. Kana bukatar ƙaramin sikeli mai awon giram; in ba ka da shi, masu sayar da gwal a kasuwa za su auna maka kibiya. A ƙarshe, auduga kaɗan, alli, biro da takarda, da wayarka don ɗaukar sauti.

Ka nemi wani ya tsaya gefe, ɗan baya da kai, ya riƙa saurare. Mai harbi ba ya jin bakansa yadda na gefe yake ji, don girgizar da ke ratsa ƙashinsa tana ruɗa masa kunne.

Bakunan da zan riƙa ambata iri uku ne: miƙaƙƙen baka, wanda na gargajiyarmu yake cikinsa, mai lanƙwasassun kawuna da 'yan kasuwa ke kira rikaf, da mai kura a ƙarshen rassa, wato kamfawun.

MATAKI NA 1: KA TABBATA BAKAN LAFIYARSA ƘALAU

Wata ƙarar ba ta gyara ba ce, gargaɗi ce. Ka ja bakan a hankali da kibiya a ɗane, ka saurara. In ka ji "ƙas" ko wani ɗan kuka kamar na busasshen kara, ka mayar da tsirkiya a hankali ka ajiye. Ka ɗauki auduga ka shafa a rassan ciki da waje da gefe. Duk inda ta maƙale, akwai tsaga. Reshen da ya tsage ba a manne shi a ci gaba da harbi, fuskarka zai karye a kai. Ka duba tsirkiya ma, musamman wajen kunnuwanta biyu. Silin zare ɗaya ya tsinke, canja ta.

Kada ka kuskura ka ja tsirkiya ka saki babu kibiya da sunan gwada ƙara. Ƙarfin gaba ɗaya jikin bakan zai koma, kuma saki ɗaya ya isa ya fasa reshe. Ka ja kunnen yaran gida da baƙi ma, don su ne suka fi yin haka.

MATAKI NA 2: KA ƊAUKI SAUTIN FARKO

Ka ajiye waya a kan kujera kamar mita ɗaya daga gefenka, ka harba kibiya shida tana ɗauka. Ka yi wa wurin da ka tsaya da wurin wayar alama a ƙasa. Bayan kowane gyara, nan za ka dawo. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a rubuta a takarda. Wanda ya murɗa tsirkiya ya canja kibiya ya ɗaura tuntu duk a zama ɗaya, ko ya dace ba zai san me ya yi aikin ba.

Ka kuma koyi rarrabe kukan. "Kacau" ko "zrrr" na ƙarfe, wani abu ne ya kwance. "Fau" kamar mari, tsirkiya ce take dukan reshe ko hannunka. "Ƙwas" a daidai mariƙi, kibiya ce take bugun baka. Dogon amo irin na gurmi, tsirkiya ce take kaɗawa bayan kibiya ta tafi.

MATAKI NA 3: NOTUNA

Ka riƙe bakan a sake da yatsu biyu, ka buga mariƙinsa da dunƙulen tafin hannu. Lafiyayyen baka "dim" zai ce ya yi shiru. In ka ji wani abu yana rawa, ka riƙa dafa sassan ɗaya bayan ɗaya kana bugawa. Wanda ka dafa ƙarar ta ɗauke, shi ne mai laifi. Yawanci abin saiti ne, ko kwarin da ake ɗaura wa baka, ko matashin kibiya, wato ɗan abin da kibiya take kwanciya a kai a jikin mariƙi.

Ka ɗaure su su kama, ba ɗaurin ƙarfi irin na tayar mota ba, don mariƙin alminiyon ko na katako zaren notinsa saurin cinyewa yake. Notin da yake yawan kwancewa, ka goga masa kakin zuma, ko ka naɗa masa farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo. In za ka sa Loctite, gam ɗin da yake hana noti kwancewa, shuɗi za ka saya. Jan sai da wuta ake kwance shi.

A bakan da ake harhaɗawa, inda reshe ya zauna a kan mariƙi yakan yi ƙara. Ka yanko ɗan falle daga tif ɗin keke daidai faɗin wurin, ka huda, ka shimfiɗa tsakani, sama da ƙasa kauri ɗaya. Gargaɗi a nan: a kamfawun da bakunan gasa, manyan notunan rassa su ne suke ƙara nauyin ja ko su rage shi. Ba a murɗa su kai-tsaye da sunan ɗaurewa. In ka taɓa na sama, ka yi wa na ƙasa daidai adadin juyin, kuma kada ka sassauta fiye da yadda takardar kamfani ta yarda.

Kibau ma ka girgiza su kusa da kunne. Tsinin da ake murɗawa yakan kwance. Kakin zuma a zarensa ya wadatar.

MATAKI NA 4: TAZARAR TSIRKIYA

Nan ne mafi yawan ƙarar rikaf da miƙaƙƙen baka take ɓuya, don haka kada ka yi gaggawa. Tazarar da ake nufi ita ce daga tsirkiya zuwa wuri mafi zurfi na mariƙi, inda tsakanin babban yatsa da manuniya yake zama, baka yana ɗaure ba a ja shi ba. In tazarar ta yi kaɗan, tsirkiya takan wuce gona da iri bayan saki, ta mari rassa, ta mari hannu. In ta yi yawa, gudun kibiya ya ragu, amon kuma ya koma wani ƙarfi-ƙarfi mara daɗi. Tsakanin biyun akwai wani ɗan gurbi da bakan yake yin shiru, kuma kowane baka da nasa.

Ka fara da abin da kamfani ya rubuta. Rikaf ɗin Samick Sage mai inci 62, wanda masu koyo da yawa ke farawa da shi, tsakanin inci 7 da rabi zuwa 8 da kwata ake ba shi. Rikaf ɗin gasa mai inci 68 yakan zauna wajen santimita 22 zuwa 23. Miƙaƙƙen baka kuwa ƙasa da haka ne, inci 6 zuwa 7. In ba takarda ba rula, ka yi awon mutanen da: ka dunƙule hannu ka ɗora a cikin mariƙi ka miƙe babban yatsa, kan yatsan ya kusa taɓa tsirkiya. Wannan na miƙaƙƙen baka ne kawai, ya yi wa rikaf kaɗan.

Ga yadda ake neman gurbin. Ka sauke tsirkiya, ka warware murɗinta har tazarar ta dawo mafi ƙanƙantar abin da aka yarda. Ka harba shida. Ka sauke, ka cire kunnen ƙasa, ka murɗa sau uku ko huɗu, ka mayar, ka auna, ka rubuta, ka sake harba shida. Murɗi yana gajarta tsirkiya, tazara ta ƙaru da 'yan milimita. Haka za ka yi ta hawa. Za ka ji ƙarar tana raguwa, ta kai inda "fau" ya koma "tim", in ka ci gaba kuma ta fara dawowa. Ka koma inda ta fi yin shiru, ka rubuta awon a jikin salatif ka manna a cikin reshe.

Kurakurai uku nake yawan gani. Na farko, murɗawa ta ɓangaren da ya saɓa wa murɗin da tsirkiya ta zo da shi, sai naɗin tsakiyarta ya saki. Ka duba inda silin ya karkata ka bi shi. Na biyu, awo da sabuwar tsirkiya: tana miƙewa a kwanakin farko, don haka ka harba ta sosai, ka riƙa aunawa har awon ya tsaya wuri ɗaya. Na uku, ɗaura tsirkiya ta hanyar saƙala ƙafa a danne bakan, wanda yake karkatar da kan reshe, kuma karkataccen reshe ba ya daina kuka. In ba ka da igiyar ɗaurawa, igiya mai ƙarfi da 'yan aljihu biyu na fata a ƙarshenta ita ce ke nan, baduku zai ɗinka maka a zama ɗaya.

In sai ka yi ta murɗi har tsirkiya ta fara ƙudundunewa kafin ka kai awon, ta yi tsawo ne. Tsirkiyar rikaf takan gaza tsawon bakan da inci 3 zuwa 4.

Mai kamfawun ya tsallake wannan mataki. Tsirkiyarsa ba ta sauka sai da injin matse baka, kuma in kurar sama da ta ƙasa ba sa juyawa tare, aikin mai injin ne.

MATAKI NA 5: NAUYIN KIBIYA

Kibiya mai nauyi ta fi kwashe ƙarfin baka, saboda haka ragowar da za ta zama ƙara kaɗan ce. Masu ƙera kibau da giren suke awo, giram ɗaya kuwa giren 15 da ɗan ɗori ne. Ƙa'idar kamfawun ita ce kada kibiya ta gaza giren 5 ga kowane fam ɗaya na nauyin ja (fam awon nauyi ne, ya ɗan gaza rabin kilo). Bakan katako da rikaf na farauta sun fi son giren 8 zuwa 10. A sauƙaƙe, baka mai fam 40 yana son kibiya mai giram 21 zuwa 26, a auna ta duka da tsini da gashi. Kibau ɗin da suka hana ni sakat a farko giram 17 ne.

In taka ba ta kai ba, ka sa tsini mai nauyi, amma ka sani nauyin tsini yana sa sandar kibiya ta ƙara lanƙwasa wajen fita, don haka ka ƙara kaɗan-kaɗan kana duba tashinta. In sandar mai rami ce, ana zura igiya siririya ta cika ramin daga farko har ƙarshe. Ta cika fa, don in ta yi gajarta za ta riƙa kai-komo a ciki. Kibiya mai nauyi ta fi saurin sauka a nesa. A mita 20 ba za ka damu ba, a mita 50 sai ka sake saiti.

MATAKI NA 6: INDA KIBIYA TAKE TAƁA BAKA

Ka ɗana kibiya ka juya bakan tsininta ya kalli ƙasa. Ya kamata ta rataya ba ta faɗi ba, amma ka ɗan bugi tsirkiya da yatsa ta saki. In ta ƙi saki, tsagar gindinta ta matse, tana jan tsirkiya tana sakinta da ƙara. Ka ɗan goge cikin tsagar da samfefa mai laushi. In tana faɗuwa da kanta, haɗari ne, don za ta iya zamewa ka saki baka wayam. Ka ƙara naɗin zare siriri a wurin.

Ƙullin da yake tsayar da kibiya a tsirkiya ya zauna sama kaɗan da daidai matashin kibiya, kamar santimita ɗaya ga mai harbi daga kan kafaɗar mariƙi, wato wanda kibiyarsa take kwanciya kai-tsaye a jikin mariƙin. Ni na fi son ƙullin zare da ɗigon gam a kan na tagulla, ya fi rashin nauyi kuma ba ya cin safar yatsu.

Don gane ko kibiya tana bugun baka, ka goga alli a gashinta da bayan sandarta, ka harba, ka duba inda allin ya bari. Ɗan shafa kaɗan, guntun fata ko ƙyallen dara a manne a kafaɗar da bangon mariƙi zai kashe shi, har da ƙarar gogayya lokacin ja. Bugu mai ƙarfi kuwa ko ƙullin ya yi ƙasa, ko taurin sandar bai dace da bakan ba, kuma wannan ba abin da za ka manna ya gyara shi.

MATAKI NA 7: HANNUNKA

Ka ba wanda ya fi ka iyawa bakan ya harba. In ya yi shiru a hannunsa, ka san inda matsalar take. Mai koyo yakan damƙe mariƙi kamar ƙotar gatari, girgiza ta bi ƙashi har kafaɗa. Bakan ya zauna a kan tsokar gindin babban yatsa, sauran yatsu a sake. In kana tsoron ya faɗi, ka ɗaura igiyar takalmi daga babban yatsa ta zagaya mariƙi zuwa manuniya. Wajen saki kuma kada ka fizge tsirkiya gefe kamar mai kaɗa garaya. Ka sassauta yatsu kawai, hannun ya zame baya ta gefen wuya.

Hannun riga ma yana cikin masu laifi. Na taɓa ɓata yamma guda ina murɗa tsirkiyar wani yaro, ashe faffaɗan hannun kaftaninsa take duka. Ka naɗe, ka ɗaura fatar kare hannu, ka ɗan juya gwiwar hannu waje.

MATAKI NA 8: TUNTU DA ROBA

Sai yanzu. Mai gurmi in yana so amo ya mutu, dafa tsirkiya yake yi; aikin tuntu ke nan.

Ka auna tsawon tsirkiya tsakanin inda ta rabu da reshen sama da inda ta rabu da na ƙasa. Ka raba huɗu, ka kuma raba uku. In santimita 150 ce, wuraren biyu su ne wajen 37 da kuma 50 daga kowane ƙarshe. Ka ɗan kaɗa tsirkiya da yatsa, kaɗawar da ba ta wuce inci ɗaya ba, wani ya dafa wuraren nan. Inda amon ya fi saurin mutuwa, nan za a sa. Wasu bakunan sun fi shiru in na sama yana rubu'i na ƙasa yana sulusi.

Ka naɗa ulu a yatsu uku kamar sau 25, ka zare. Ka sauke tsirkiya, ka raba silinta biyu daidai da farce ko tsinke mara kaifi, ka cusa naɗin ya tsaya a tsakiyarsa, ka mayar da tsirkiya, sannan ka yanke madaukan ulun ta gefe biyu. Bayan harbi ashirin zai buɗe ya zama tuntu, sai ka rage shi da almakashi ya dawo kamar ƙwan zabo. Kada reza ta kusanci tsirkiyar da ke ɗaure; taɓawa ɗaya ce. Tsirkiyar fata ko jijiya ta bakan gargajiya ba ta rabuwa, sai dai a ɗaure tuntun a jikinta da zare.

Ulu yana shan ruwa da damina, yana kuma kwasar ƙarangiya a daji. Madadinsa, ka yanka tif siri-siri, tsawon santimita 10, kamar guda 15, ka ɗaure su ta tsakiya a jikin tsirkiya. Shi kuma rana tana busar da shi ya farfashe, duk shekara sai an sake. Ko wanne ka sa, yana ɗan rage gudun kibiya, musamman in ya yi girma ko ya matso tsakiya.

A rikaf, ka manna siririn ƙyallen dara a kan lanƙwasar reshe inda tsirkiya take kwanciya, tsawon yatsa, ba tare da ka toshe kwarmin da take bi ba. Wannan ne maganin "fau" ɗin da ya rage. Robobin da ake mannawa a rassa irin na LimbSaver suna aiki, haka sandar daidaito mai roba a kai, kuma a kamfawun ka duba sandar da take tare tsirkiya: robarta ta taɓa tsirkiya kawai, ba tazara, ba turawa. Mai shirin shiga gasa ya duba dokar rukuninsa tukuna, don ba kowane rukuni ne ya yarda da tuntu ko sanda ba.

MATAKI NA 9: IN HAR YANZU YANA KUKA

Ka duba irin tsirkiyar. Ta zaren Dacron tana ɗan miƙewa, amonta a ƙasa yake, ita ce kuma ta dace da tsohon baka da na katako zalla. Ta zaren Dyneema ba ta miƙewa sosai, ta fi gudu, amonta ya fi kaifi, kuma tana iya tsaga kan reshen da ba a ƙarfafa don ita ba. In ba ka tabbatar da bakanka ba, Dacron.

Ka kuma auna daga gindin kowane reshe zuwa tsirkiya. Ga mai ja da yatsa ɗaya sama da kibiya biyu ƙasa, na sama yakan fi na ƙasa da milimita 3 zuwa 6. In bambancin ya yi nisa da haka, rassan ba sa dawowa tare, hannu ne kuma yake shan bugun.

Da hunturu tsirkiya takan bushe ta yi gashi-gashi, amonta ya canja. Ka goga mata kakin zuma, ban da wurin naɗi, ka murza da guntun fata har ya narke ya shiga. Da bazara kuwa kada ka bar baka a cikin mota ko jingine da kwanon ɗaki, don zafi yana sakin gam ɗin da ya haɗa fallayen reshe, yana kuma miƙar da tsirkiya. Rikaf da bakan katako a sauke musu tsirkiya in an gama, a kwantar da su a inuwa. Ranar da ka sake ɗaurawa, kafin kibiyar farko, ka ɗora rula ka gwada da awon nan da ka manna a cikin reshe.